Yayata ta mayar da ciwona abin hira

Assalamu alaikum Anti, sannu da aiki. Don Allah a sakaya sunana.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta tona min asiri, kuma har yanzu gani take ita ce mai gaskiya. Ko da yake ba daga nan abin ya faro ba.

Tun bara wani abu yake taso min ba zato ba tsammani. Ina zaune lafiya lau sai gabana ya hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, in ji kamar yanzu za a zare raina. Na je asibiti, aka auna zuciya, aka ɗebi jini, likita ya ce komai ƙalau, ciwon firgici ne. Ya ce jiki ne ke sako sinadarin adirinalin kamar an ga abin tsoro alhali babu komai, yakan kai maƙura cikin minti 10 sannan ya lafa, kuma ba ya kisa. Ya haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, ya ce ana samun sauƙi sosai in ana zama ana tattaunawa, amma in na riƙa guje wa wuraren da abin ya taɓa kama ni, ƙara ƙarfi zai yi.

Yayata kaɗai na faɗa wa, har kuka na yi a cinyarta. Shekaranjiya sai ga ƙanwar wanda zan aura tana tambayata wai da gaske ne ina ganin likitan mahaukata? Anti, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. A daren abin ya dawo min fiye da kullum.

Da na tare Yayata da maganar, ko a jikinta. Wai taimakona ta yi, gara su sani tun yanzu. Dama tun muna yara haka take, ba ta son a yabe ni a gabanta, ko Umma ta sani. Na faɗa mata magana mai zafi, amma kowa aka yi wa haka sai ya faɗi fiye da ita. Yanzu Umma ta dage sai na ba ta haƙuri, wai ita ce babba.

Shi kuma wanda zan aura tun ranar bai kira ba. Da ma niyyata in faɗa masa da bakina, lokaci kawai nake jira. Ni ba mahaukaciya ba ce, ina zuwa aikina, ban taɓa cutar da kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da irin waɗannan cututtuka na fargaba. Duk mahaukata ne?

Jibi ne ranar komawata wajen likitan, amma tsoro nake wani ya gan ni a ƙofar. In daina zuwa har ƙura ta lafa? Kuma shi, ni zan fara kiransa ko in jira?

Ƙanwarki a cikin damuwa.