Wasiƙa kan tsohuwar kyanwarka

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya same ni, kuma zancen kyanwarka ne ya fi tsaya mini a rai. Ka ce ta haura shekara 12, ta rame, ba ta rabuwa da kwanon ruwa, kwanan nan har tana karo da ƙafar kujera. Don Allah kada ka ce tsufa ne kawai. Ka kai ta wurin likitan dabbobi cikin makon nan a duba ta, ina tsoron hawan jini ne.

Kyanwa ma tana samun hawan jini, kuma yawanci wata cuta ce ke jawo shi: ko ciwon ƙoda, wanda shan ruwan nan da ramar suke nunawa, ko tayiroyid ɗin da ke wuyanta ya yi aiki fiye da kima. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ido. Jinin yakan fasa ƙananan jijiyoyin bayan ido har tantanin gani ya ɓaɓɓake, kyanwa ta kwana da gani ta wayi gari makauniya. Ka duba ta da rana tsaka: in baƙin idonta ya buɗe wawakeke, bai tsuke ba duk da haske, kada ka bari a kwana. In an yi gaggawa, wani lokaci ganin yakan ɗan dawo.

Awon hawan jinin ba shi da ciwo. Ɗan maɗauri ake naɗa mata a ƙafar gaba ko a gindin wutsiya. Ka roƙi a bar ta ta natsu na mintuna kafin a fara, a kuma maimaita awon, domin firgita kaɗai tana ɗaga shi. In ya tsaya a 160 ko sama, sai magani. Amlodipine aka fi ba kyanwa, ɗan ƙanƙane, sau ɗaya a rana, kuma yawanci har ƙarshen rayuwa. Amma kul ka ɓalla mata na mutane da kanka, likita ne zai ƙayyade. Ka sa a gwada mata ƙodar ma a ranar.

Kafin nan, kada a canza wa kayan ɗaki wuri, da ƙwaƙwalwa take bin hanya yanzu.

Ka rubuto mini abin da likita ya ce. A gaida mutan gida. Allah ya ba ta lafiya.

Naka,
Amininka