Taimakon juna a Legas bai kamata ya jira ranar jana'iza ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana Hausawa mazauna Legas, daga Agege da Idi-Araba har Mile 12 da Alaba Rago.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci da na haya suka tashi tare, alhali matasanmu da yawa ba su gama farfaɗowa daga hana acaɓa da gwamnatin jiha ta yi a wasu ƙananan hukumomi a 2022 ba. Ba wanda zai ce ba mu da zumunci, domin idan aka yi rasuwa da safe, kafin Azahar an haɗa kuɗin likkafani da na mota. Abin da ke damuna shi ne hannun nan ba ya buɗewa sai mutum ya cika, kuma galibi sai in ɗan garinmu ne. Mai gadin da zazzaɓi ya kwantar a ɗakin bakin ƙofa, ko mai tura kurar ruwan da mai gida ya ba shi wa'adin tashi, ba su da wanda za su tunkara.

Abin mamaki, mu ne ke sauke tumatir da albasa da wake a Mile 12, amma iyalanmu da derika, wato ɗan gwangwanin awo, suke awo a farashin ƙarshe. Da gida goma a layi ɗaya za su yi karo-karo duk wata, su sayi buhun shinkafa da na wake a farashin sari, su raba da robar fenti a gaban kowa, da ribar da ke tafiya hannun 'yan tsakiya ta zauna a tukunyarsu. Matanmu sun daɗe da sanin wannan ta hanyar adashi, maza ne dai ke ganin tambayarsu raini ne.

Haka gidauniyar masallaci. Abin da ke kashe ta zargi ne, maganin zargi kuwa rubutu: a sa ma'aji biyu, a riƙe littafi, a karanta abin da ya shiga da wanda ya fita duk Juma'a bayan Isha'i. Daga ciki ana iya biya wa marayu da tsofaffi inshorar lafiya ta jiha, wato Ilera Eko.

Sai maganar maƙwabta. Kusan kowace unguwa tana da ƙungiyar ci gabanta da ake kira CDA, inda ake yanke kuɗin tsaro da gyaran kwata da taransifoma, amma da wuya ka ga Bahaushe a zaman; sai an zo karɓar kuɗi mu yi ta ƙorafi. Waɗanda suka ga rikicin Mile 12 na Maris ɗin 2016 sun san abin da ƙaramar rigima ke zama idan ba a san juna ba.

Ina kira ga sarakunan Hausawa da limamanmu su zaɓi matasa biyu masu jin Yarabanci a kowace unguwa, su riƙa halartar wannan zama da sunanmu, suna kawo rahoto masallaci.

Wassalam.

Wani mazaunin Agege, Legas