Wasiƙa daga Damagaram kan fosfet da ƙashin yara

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mutanen Birni da na Zango duk suna gaishe ka.

Ka tambaye ni kan yaran da ake kawo maka da gwame ko lanƙwasassun ƙafafu, an ba su bitamin D amma shiru. Shawarata ita ce ka bi sawun fosfet, wani ma'adini da ake gina ƙashi da shi, don ko daga ina ciwon ya taso, a kansa yake ƙarewa.

Kusan kashi 85 cikin 100 na fosfet ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake, haɗe da kalsiyam. Ƙashin yaro kuwa daga guringuntsin da ke bakinsa yake tsawo, wajen gwiwa da wuyan hannu. A can ƙwayoyin guringuntsi suke jeruwa su kumbura, sannan dole su mutu kafin jijiyoyin jini su shigo a aza ƙashi, kuma fosfet ne ke sa su mutu a kan kari. Kafin nan ƙwayoyin sukan fitar da wasu ƙananan jakunkuna, inda ma'adinin ƙashi ke fara haɗuwa. Ƙofar PiT-1 tana shigar da fosfet ciki, sinadarin PHOSPHO1 yana ƙaro wani fosfet daga ciki, har ƙwayar ma'adinin farko ta haɗu. A wajen jakunkunan akwai firofosfet, wato fosfet biyu a haɗe, mai hana ma'adinin yaɗuwa, sai sinadarin alkalin fosfatas ya datsa shi gida biyu, hanya ta buɗe. In fosfet ya yi ƙasa, ƙwayoyin ba sa mutuwa, sai su yi ta taruwa. Shi ne kaurin da kake ji a wuyan hannu, da ƙulli-ƙullin nan a jere kan haƙarƙari kamar carbi.

Ƙoda ce ke riƙe da ragamar. Tana tace fosfet, ta maido da kashi 80 zuwa 90 ta ƙofofin NaPi-IIa da NaPi-IIc. Hormon PTH, mai kula da yawan kalsiyam a jini, na rufe ƙofofin nan, haka ma hormon FGF23 da ƙashi da kansa ke fitarwa. Yaron da bai samun isasshen kalsiyam, PTH ɗinsa zai hau, fosfet ya bi fitsari. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya samu yara masu wannan ciwo suna cin kalsiyam kusan miligiram 200 kacal a rana, kuma miligiram 1000 kullum na mako 24 ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Rana, mai sa jiki ya yi bitamin D, ai ba ta yi mana kaɗan ba, nono ne ya yi kaɗan. Ga kuma gero, fosfet ɗinsa a ɗaure yake cikin wani sinadari mai suna fitat, wanda ke kame kalsiyam a hanji. Jiƙa shi da barinsa ya yi tsami na rage wannan, don haka ka ƙarfafa wa iyaye fura da nono mai yawa, da miyar kuka da zogale.

Wajen gwaji, a ɗebi jini da safe kafin yaro ya ci abinci, a auna kalsiyam, fosfet, alkalin fosfatas, da PTH in da hali. Jinin da ya fashe a kwalba yakan nuna fosfet sama da gaskiya. Don Allah kada a duba sakamakon yaro da ma'aunin manya: 0.8 zuwa 1.5 mmol/L na babba ne, ƙaramin yaro mai 1.0 yana cikin rashi.

In kalsiyam da PTH suna kusa da daidai, fosfet na ƙasa, kuma akwai gajeru masu irin ƙafar a dangi, ka zargi ciwon ƙashi na gado da ake kira XLH, mai kama kusan 1 cikin 20,000. Maganin da aka saba bayarwa shi ne fosfet na sha sau 4 ko 5 a rana tare da kalsitiriyol, wato nau'in bitamin D mai aiki kai tsaye, kuma ba a haɗa fosfet ɗin da madara lokaci guda. Fosfet shi kaɗai yana tayar da PTH, yawansa na kawo zawo, kuma a riƙa duba ƙoda saboda taruwar kalsiyam.

Ka turo mini sakamakon gwajin da hoton ƙashin wuyan hannu mu duba tare. A gaida uwargida da yara.

Naka amini,
daga Damagaram