Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Sauya Kwamfutar Awon Ruwa da Sikeli

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan uwa manoman rani na yankin Auyo, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da rahoton bana. Yasar magudanai da sare kachala da tara kuɗin ƙa'ida duk sun gudana kamar yadda aka saba, kuma Ma'aji zai kawo lissafinsu dalla-dalla. Aikin da ya fi cin lokacin kwamiti shi ne mayar da na'urorin awonmu kan sabuwar kwamfuta ba tare da mun rasa bayanan da muka daɗe muna tarawa ba.

Kamar yadda kuka sani, na'urar da ke bakin babban magudani tana rubuta tsayin ruwa da yawan ruwan sama, kuma da ita muke gane lokacin da ruwan da aka sako daga madatsun Tiga da Challawa ya iso mana ta Kogin Haɗejiya. Kwamfutar da ke karɓar wannan awo tana kan Windows 7, wanda kamfanin Microsoft ya daina sabunta tsaronsa tun ranar 14 ga Janairu, 2020. Da aka tashi sauyi, wasu sun ba da shawarar Windows 10, amma shi ma wa'adinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka kwamiti ya tsaya a kan Windows 11, wanda ke buƙatar kwamfuta mai 64-bit da guntun tsaro na TPM 2.0. Tsohuwar ba ta cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba, sai da aka sayi sabuwa.

Kafin a taɓa komai, an fitar da dukkan awon shekarun baya zuwa fayil na CSV, wanda kowace manhajar lissafi za ta iya buɗewa, aka ajiye kwafi a ofis, wani a wurin Ma'aji, wani kuma a wurin Shugaba. A ganin kwamiti wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a aikin baki ɗaya, domin ana iya sayen wata kwamfuta a Kano gobe, amma awon ambaliyar 2022 idan ya ɓace babu kasuwar da za a same shi.

Na'urar magudani tana magana da kwamfuta ta tsohuwar kafa mai allura 9, wato RS-232, sabuwar kwamfutar kuwa USB kawai gare ta. Wayar haɗi ta farko da aka samo ba ta yi aiki ba, saboda direbanta, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, bai dace da Windows 11 ba. Da aka kawo wata mai guntu na kamfanin FTDI sai kwamfutar ta gane ta nan take. Duk da haka manhajar da ke karɓar awon ta ci gaba da cewa ba ta ga na'ura ba, har sai da ɗanmu mai kula da ofis ya lura cewa tsohuwar manhajar daga COM1 zuwa COM4 kaɗai take dubawa, wato lambobin da Windows ke ba irin wannan kafa, alhali Windows ya ba wayar lamba sama da haka. Ya sauya lambar, ya daidaita gudun saƙo a 9600 kamar yadda yake a jikin takardar na'urar, sai awo ya fara shigowa.

Matsalar da ta fi haɗari ba ta nuna kanta ba sai da aka zauna kwatanta takardu. Tsohuwar kwamfutar tana rubuta kwanan wata irin na Amurka, wata kafin rana, sabuwar kuma rana kafin wata, ta yadda awon 3 ga Agusta ya koma 8 ga Maris, aka ga ruwan damina a tsakiyar rani. An gyara wannan, sannan aka riƙa gwada abin da kwamfuta ta nuna da sandar awon da ke kafe a magudani har aka tabbatar sun zo daidai.

Sikelin rumbu kuwa, wanda shi ma yake haɗe da tsohuwar kwamfutar, bai sauyu ba. Katin da ke haɗa shi da kwamfuta na PCI ne, wanda ake sakawa a cikin kwamfutar, sabuwar kuwa ba ta da gurbinsa, direbansa kuma na 32-bit ne, wanda Windows 11 ba ya karɓa ko kaɗan. Saboda haka an bar shi a kan tsohuwar kwamfutar, an cire ta daga intanet, an sa mata sabon batirin agogo, kuma muna roƙon kowa, da babbar murya, ya daina soka mata filashi ko cajin waya a jikinta.

Wannan tsari na wucin gadi ne, kuma kwamiti bai yarda a shiga kakar shinkafa mai zuwa ana dogaro da shi ba. Muna neman amincewar wannan taro a kan sayen kan sikeli, wato ɓangaren da ke karanta nauyi, mai kafar USB ko RS-232, da horar da ƙarin matasa biyu domin kada sanin aikin ya tsaya a hannun mutum ɗaya.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.