Godiya ga cibiyar da ta koya mini karanta gargaɗin kwamfaila

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga cibiyar koyon kwamfuta ta unguwarmu a Kabuga, inda na koyi harshen C na rubuta manhajar kwamfuta, musamman ga malamin ajinmu na yamma.

Ranar farko, tun ba mu rubuta ko layi ɗaya ba, Malam ya sa kowa ya kunna gargaɗin kwamfaila, wato manhajar da ke juya abin da ka rubuta zuwa abin da na'ura ke ganewa. Da kwamfailar da ake kira GCC muke aiki, kuma dokar Malam ita ce kowa ya sa -Wall da -Wextra, umarni biyu masu kunna gargaɗin. Ya ja kunnenmu cewa kada sunan -Wall ya ruɗe mu, bai kunna gargaɗin duka ba, shi ya sa ake haɗawa da na biyun. Ya ce tun da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a 1972, harshen yana ɗauka mai rubutu ya san abin da yake yi, mu kuwa 'yan koyo ne.

Da farko abin ya yi mini nauyi. Shirinka yana tafiya lafiya lau, amma Malam ba zai karɓa ba saboda gargaɗi guda. Sai ya jawo kujera kusa da kai, ya ɗora yatsa a kan allo, ya ce ka karanto lambar layin, ka faɗa masa da Hausa abin da ake ce maka. Ba ya tashi sai ka gane.

Babana yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, na rubuta masa ɗan shiri na lissafin bashi. Inda nake son a duba ko bashin mutum ya ƙare, sai na rubuta if (bashi = 0), da alamar daidai ɗaya maimakon biyu. C ba ya hana wannan. Shiru zai mayar da bashin kowa sifili, a ci gaba kamar ba a yi komai ba. Gargaɗin nan ne ya nuna mini layin tun kafin in kai wa Baba. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don guminsa na shekaru ne a ciki.

Malam, na gode da haƙurin da kuka yi da mu. Shugabannin cibiya, na gode da janaretan da kuke tayarwa idan an ɗauke wuta, har mu gama darasi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Ɗalibinku na ajin yamma, daga Kabuga.