Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Magajin Garin Yamai

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni haifaffen unguwar Zongo ne. A gidan kakana na tashi, gidan ƙasa mai zaure biyu, wanda kaurin katangarsa ya fi kamu ɗaya. Ko a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke narkewa, in ka shiga zauren nan sai ka ji sanyi kamar bakin randa. Fatake daga Kano da Damagaram sun sauka a cikinsa, har ƙusoshin da suke rataye burgamensu suna nan a bango. Bara magada suka sayar, wani ɗan kasuwa ya saya, katafila ta gama da shi kafin azahar. Na tsaya ina kallo ana loda azarar rufinsa a amalanke za a kai wa masu tuyar ƙosai. Ban ga laifin magada ba, talauci ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ko hoto ɗaya babu wanda ya ɗauka.

Ranka ya daɗe, Yamai ba Agadas ba ce, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013. Garinmu yaro ne, sai a 1926 aka ɗauko babban birni daga Damagaram aka kawo nan. Tsofaffin gine-ginenmu ba su da yawa, shi ya sa duk wanda ya faɗi ba shi da madadi. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta. Ƙaramar kasuwa, inda iyayenmu mata ke cefane, gobara ta cinye ta a 2012, ba ta dawo yadda muka san ta ba. Gidajen ƙasa na Zongo da Maure kuwa ɗaya bayan ɗaya suke komawa shaguna da benaye.

Sai maganar tashar jirgin ƙasa. A watan Afrilun 2014 aka buɗe ta da kiɗa da jawabai, shugabannin Benin da Togo suna wurin. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo kimanin kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikinsa a farkon 2016. Niyya ita ce a haɗa shi da layin Kwatano wanda ya tsaya a Paraku tun zamanin Turawa, amma shari'a a Benin ta tsayar da aikin, fasinja bai taɓa yin zirga-zirga a kansa ba. Na san wasu za su ce mene ne abin tarihi a tashar da ba ta ga matafiyi ba. Ni kuwa ina ganin tarihi ce, domin ita ce tashar farko da Nijar ta taɓa samu, kuma jikokinmu suna da haƙƙin ganin inda burin ya tsaya. Kada a bar ta ga tsatsa da ɓarayin ƙarfe.

Doka tana nan, ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihi da al'adu. Roƙona a yi aiki da ita. A tura ma'aikatan gidan tarihi na Bubu Hama da ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni su bi unguwa-unguwa tare da masu unguwanni, su rubuta kowane tsohon gini, su auna, su ɗauki hoto, su zauna da dattawan da suka san wanda ya gina shi. Wanda ya shiga wannan rajista, kada a ba da takardar rushe shi sai an zauna da magada an nemi mafita, ko da taimakon yaɓe ne kafin damina. Maginan gargajiya suna raye, aiki suke nema.

A layinmu saura gida biyu irin na kakana. Ɗaya daga ciki an riga an fara kawo masu saye suna zagaya shi.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan unguwar Zongo, Yamai