Tsarki a Bakin Mudu

Ɗan'uwana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya uwargida da yara? Mu nan Zariya sai godiya, ruwa ya zauna, masara har ta yi goyo.

Saƙonka ya iso, kuma magana ɗaya a ciki ta tsaya mini a rai. Ka ce tun da ka kama rumfar hatsi a Legas, addu'ar asuba a majami'a ta gagare ka, har kana ganin kiran nan na zama da tsarki ya fi ƙarfin ɗan kasuwa, sai fastoci da dattawa. Wannan kam ban yarda ba.

Ayar da ka ambata, 1 Bitrus 1:16, ba Bitrus ne ya fara faɗinta ba. Daga Littafin Firistoci ya ɗauko ta. Don Allah ka buɗe sura 19 a daren nan. A aya ta 2 Ubangiji ya ce wa dukan taron Isra'ila su zama tsarkakku domin shi mai tsarki ne, dukansu fa, ba firistoci kaɗai ba. To duba abin da ya biyo baya. Manomi kada ya girbe gonarsa ƙarƙaf, ya bar wa matalauci da baƙo abin kala. Ladan ɗan ƙodago kada ya kwana a hannun mai aiki. Kada a zagi kurma, kada a sa wa makaho abin tuntuɓe. Can aya ta 35 da 36 kuwa, maganar ma'auni ce da mudu.

Ka ga ashe rumfarka aka kwatanta. Ni da kai mun tashi a kasuwa, mun san mudun da aka bubbuga wa gindi ya shige ciki, mun san mai awon da ke saye da babbar tiya ya sayar da ƙarama. Mun san buhun waken da aka zuba wa mai kyau a baki, mai ƙwari a ƙasa. Matar da ta ƙulle kuɗin cefanenta a bakin zane ta zo wurinka, ba ta san Firistoci ba, wataƙila ma ba Kirista ba ce, amma in ta isa gida ta juye a kwano za ta san ko wane ne kai.

Wanda ya fi damuna shi ne na 'yan dako. Yaro ya sauke maka buhu ashirin, gumi na zuba, ka ce masa ya dawo gobe don ciniki bai buɗe ba. Shi da wannan kuɗin zai ci tuwon dare. Yakubu 5:4 ya ce irin wannan hakki kuka yake yi, kuma kukan yana kaiwa kunnen Ubangiji. Ka sallame shi kafin ka rufe rumfa, ko da ribar ranar ce za ta tafi.

Firistoci 19:16 kuma ta hana yawo da tsegumi. A zamaninmu har da saƙon WhatsApp da muke turawa ba mu tabbatar ba.

Ba cewa nake ka bar zumunta ba. Ka nemi ikilisiyar da ake sujada da Hausa kusa da kai, ka riƙe Lahadi da kyau, domin mai zama shi kaɗai saurin sanyi yake yi. Kuma kada ka ɗauka cikon mudu ne zai saya maka ceto. Bitrus da kansa, a 1 Bitrus 1:18-19, ya tuna mana ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne. Muna auna gaskiya ne don mun riga mun zama nasa.

Mama tana gaishe ka, 'yan Zumuntar Mata ma suna tambayar uwargida. Ka rubuto mini yadda farashin wake yake a can, kuma ko za ku zo Kirsimeti.

Naka cikin Ubangiji,
Abokinka